Takobin Tsoho, Wuƙaƙen Delu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba kowa ba ce da zan ɗauki alƙalami in ce zan ba manya labari. Karatu kawai na saba yi a lungu inda ba mai ganina, kuma yau ne karo na farko da na rubuta abin da ba malamin lakol, wato makarantar boko, ne ya sa ni ba. In kun ga inda na yi tuntuɓe, don Allah ku kau da kai kamar ba ku gani ba.

Delu ta hau gangaren gulbi da naɗaɗɗiyar tabarma a ka, tana tafiya irin ta mai zuwa cin kasuwar Gidan Rumji. Duk wanda ya gaishe ta a hanya sai ta ji kamar cikin naɗin yake kallo. Takobin mahaifinta ne a ciki. Ta sauke shi daga jikin bango bayan sallar asuba, lokacin da tsohon ya koma barci, kuma dole ta mayar da shi kafin la'asar, don a lokacin ne yake cewa a ɗora masa shi a cinya.

Kakar gyaɗa ce, a shekarun farko na mulkin kai. Labari ya bazu cewa wasu samari sun shigo ƙasa da bindigogi, wai a Gana aka koya musu harbi. Aka yi shela kowa ya kai makaminsa buro, wato ofishin hukuma, bindiga ko mashi ko takobi. Wa'adi ya wuce, jandarma suka shiga bin ƙauyuka gida gida. Jiya suna ƙauyen da ke gabas da nasu, inda suka tafi da wani magidanci saboda tsohon mashi mai tsatsa da suka tono a ƙarƙashin rumbu. Binnewa ba ta yi masa rana ba, don da sandar ƙarfe suke caccakar ƙasa.

Shi kuwa Ishaku, ɗan Delu tilo, bana ya dawo daga Kumashi inda ya yi dakon goro. Ya dawo da agogon hannu da ciwon baya, ba wani abu ba. Amma a wannan kakar, a ce saurayi ya taka Gana, sannan a sami takobi a gidansu, ai magana ta ƙare.

Ta roƙi mahaifinta ya bari a kai buro tun wa'adi bai wuce ba. Tsoho, wanda idanunsa suka daɗe da rufewa, ya juyo da fuska wajen muryarta ya ce, “Takobin ga ya girmi garin Tibiri. Nasara ya zo ya tahi bai karɓe shi ba. Yanzu da ɗiyanmu ka mulki za ni miƙa shi? Tashi ki ba ni wuri.”

Maƙerar Ado tana cikin kasuwar, bayan 'yan hatsi, rumfa ce baƙa ƙirin da hayaƙi. Delu ta tsallake maƙerin ƙauyensu ta zo nan ne don na ƙauye bakinsa ba ya riƙe magana. Ta tsuguna ta gaishe shi, ta jira wani Bafulatani da ya kawo gyaran gatari ya tafi, sannan ta warware bakin tabarmar kaɗan.

Ado ya leƙa, ya yi sauri ya rufe da ƙafarsa.

“Ke ɗiyar Tsoho, so kike a ɗaure mu mu duka? Rana tsaka, ran kasuwa?”

“Wuƙaƙe nike so ka yi mini da shi. Na yankan kuɓewa.”

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce wa ƙanensa mai yi masa zuga ya je kasuwa ya nemo gawayi, kada ya dawo sai an yi azahar. Ya saki zanar ƙofa. A cikin duhun rumfar ya zare takobin, ya kwantar da shi a tafin hannuwansa biyu kamar an miƙo masa jariri. Ruwan takobin fari ne tas, tsaga uku suna bin tsakiyarsa tun daga ƙota har kusa da tsini.

“Na san shi,” ya ce. “Ubana shi ka gyara mishi baki ina ƙarami. Na yi wuƙa da ƙarhen mota, na yi da sarƙar tsohon bariki da anka rushe. Amma wanga ... Mai shi ya sani?”

“Mai shi ba ya gani.”

“Ba shi na tambaye ki ba. Ba a kashe takobi sai da bakin mai shi. Haka munka gada.”

“To ɗana fa, da bakin wa za a kashe mini shi?”

Ita kanta ta ji kunyar abin da ya fito daga bakinta. Ishaku ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban namiji tana cewa ɗana. Ta sunkuyar da kai. Ado ya tura mata buzun da mai zuga ke zama a kai.

“Na kori yaro. In ana son aiki, sai ke ki yi zuga.”

Haka Delu ta zauna ta kama zugazugi, abin da ba ta taɓa ganin mace ta yi ba. Dama, hagu, dama, hagu. Gawayin ƙirya ya yi ja, ya yi fari. Ado ya cire ƙotar ya ajiye gefe, ya cusa ruwan takobin cikin wuta. Ta yi zaton za ta iya kallo. Da ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya ɗaga masaba, sai ta rufe ido. Sara na farko ba shi da wata ƙara ta daban, irin ƙarar da ake ji ce kullum in an wuce ta bayan maƙera, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Ta tuna safiyar layya tana yarinya. A gidansu ba a zare takobin nan sai ranar, sau ɗaya a shekara. Bayan an yanka rago, mahaifinta zai zare shi, ya shafa masa jinin, ya goge, ya shafe shi da man shanu, ya mayar. In kuwa aka zare shi a wata rana, to sai an ba shi jini kafin ya koma kube, ko da na kaza ne. A kan wannan ta gina dabararta. Layya da saura. Tsoho zai shafa ƙota da kube kullum, ba zai zare ba. Kafin layya ta zo, Allah ne ya san mai rai.

Ado ya raba ruwan gida uku. Ya buga, ya lanƙwasa, ya fitar wa kowanne da baki, ya tsoma a ruwa suka yi tsuwa. Ya goge da magagari, ya sa musu ƙota ta icen marke. Babba ta yankan nama, ta tsakiya, da ƙarama wadda ta fito daga tsini.

“Tsagar ba ta ɓacewa sai na cinye ƙarhen,” ya ce. “Na bar ta.”

Ya ɗauki kuben da ƙotar zai jefa a wuta. Delu ta tare hannunsa da gefen zanenta.

“A'a. Waɗanga gida za su koma. Ka samo wani ƙarhe mai nauyinsa ka ɗaura ma ƙotar, in mayar cikin kube.”

“Ɗiyar Tsoho, in za ki yi abu ki yi shi duka. Kube ba takobi ya hi takobi jan tambaya.”

“Kullum la'asar sai ya taɓa shi. In ya lalubi bango ya ji wayam, ba ya kai sati.”

Ado ya girgiza kai. Ya tono wani ƙarfen ɗaurin tano, wato ganga, daga cikin tarkace, ya miƙar da shi, ya yanke daidai tsawo, ya ninka shi biyu don nauyi, ya kafa masa ƙotar. Ƙarfen ya shiga kube lafiya lau. Da ta kwance bakin zane za ta sallame shi, ya juya mata baya yana tara toka.

“Ban cin ladan wanga aiki. Ki bi ta bayan mahauta, jandarma na zaune bakin tasha.”

Ta iso gida rana ta fara karkata, ƙafafunta sun yi futu futu. Hadiza, matar Ishaku, tana sussukar gero a tsakar gida da goyo a baya. Delu ta ce mata daga kasuwa take, neman kanwa ta je. Ta rataye kuben a mazauninsa, ta tura wuƙaƙen ƙarƙashin busasshiyar kuɓewa a cikin ƙwarya, ta hura wuta.

Bayan la'asar aka fito da Tsoho gindin ɗurumi, aka shimfiɗa masa buzu. Delu ta kawo masa fura da hannunta kamar kullum, tun ranar da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan ba wanda ke ba shi abinci sai ita. Sannan ta ɗora masa takobin a cinya. Yatsunsa suka bi ƙotar, suka bi ɗinkin fatar, suka tsaya.

“Delu, warin hayaƙi nike ji gare shi.”

“Hannuna ne, Baba. Daga murhu nike.”

“Murhunki da ƙirya kike hura shi yanzu? Kin yi arziki.”

Ishaku ya shigo daga gona da buhun gyaɗa a kafaɗa, ya sauke yana nishi.

“Wa ka nishi haka kamar tsohuwar jaka?” in ji Tsoho. “Ɗan Kumashi ne? An tahi neman arziki an dawo da agogo. To ƙarhe nawa, mai agogo?”

“Ƙarhen da tsohhi ka shan hura su yi ta surutu,” in ji Ishaku yana dariya. “Kai dai riƙe sandarka ta ƙarhe, in ka mutu in sai da ta in ƙara aure.”

“Ka sai da ubanka. Amaryata, kina jin shi? Bar shi ki dawo ɗakina, ni ne mijin ƙwarai.”

Hadiza ta rufe baki da hannu tana dariya. Delu ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta koma madafa, ta zaro ƙaramar wuƙar a ɓoye ta gwada ta a kan albasa. Ta wuce kamar a ruwa.

A lokacin ne ta ji ƙarar mota. Ta yi sauri ta mayar da wuƙar cikin ƙwarya.

Jandarma huɗu suka shigo, maigari na biye da su yana ta sallama bayan sun riga sun shige. Babbansu dogo ne, bai fi Ishaku da yawa a shekaru ba, idanunsa jajur irin na wanda ya kwana biyu bai yi barci ba. Sauran suka bazu, wannan ya hau rumbu, wancan ya shiga ɗaki yana ɗaga gado. Maƙwabta suka taru a bakin darni suna leƙe.

Tsoho bai motsa ba. “In takobi kuke bida, ga shi nan bisa cinyata. Ban ɓoye ba, ban kuwa kai buro ba. Ni ne mai laihi, ba wani ba.”

Babban ya tsuguna. “Baba, kawo in gani.”

“Gani da ido. Ba a zare shi sai ran layya.”

Ya sa hannu ya ɗauka, ba da ƙarfi ba. Ya miƙe tsaye ya zare.

Abin da ya fito ƙarfe ne baƙi, marar baki, marar tsini, da sauran shuɗin fenti a gefensa. Delu tana tsaye a ƙofar madafa tana kallo.

Tsoho ya ji ƙarar zarewar. Ya gyara zama, muryarsa ta yi nauyi. “To, ka zare shi, ɗana. Yanzu sai an ba shi jini kahin shi koma. Hadiza, kamo jan zakaran nan. Ka dube shi da kyau, yaro, ba ka ƙara ganin irinsa. Ka ga tsagar nan uku?”

Wani daga cikin jandarman ya tuntsire da dariya. Babban bai yi ba. Ya juya ƙarfen a hannunsa, fuskarsa ta ɗaure.

“Wasa ake da mu a gidan ga? An ɗaura ƙarhen tano an aje muna, na gasken an kai shi wani wuri.” Ya waiwaya wajen maigari. “Wane ne wanda ya dawo daga Gana?”

Idon maigari ya je inda Ishaku yake.

“Kai. Ina ruwan takobin? Wa ka ba?”

“Wallahi ban sani ba. Na rantse da Alƙur'ani ban taɓa ...”

“Ka tuna a buro.”

Suka murɗa hannuwansa baya, ankwa ta yi ƙara. Hadiza ta fasa ihu, goyonta ya kama. Tsoho yana ta juya kai dama da hagu yana lalube a iska. “Mi ya hwaru? Wane ƙarhen tano? Delu! Ina Delu?”

Delu ta ga abin da tausayinta ya jawo. Da ta bar Ado ya ƙone kuben, da yanzu sun gama dube dube sun tafi. Kuma ta ga cewa hanya ɗaya ce ta rage, a gaban maigari, a gaban maƙwabta, a gaban kunnen mahaifinta. Ta kifar da ƙwaryar kuɓewa, ta kwashi wuƙaƙen uku, ta fito ko mayafi babu.

“Ku sake shi. Bai san komi ba. Ga ruwan takobin.”

Ta tsuguna a gaban babban jandarman ta jera su a ƙasa, babba, ta tsakiya, ƙarama, baki na bin baki. Tsaga uku suka miƙe daga ta farko har ta ƙarshe, sai inda ƙotocin marke suka katse su.

“Yau da sahe na kai shi maƙera. Ni kaɗai. Na ji tsoron abin da za ku yi in kun iske shi.”

Ya tsuguna ya duba. Ya ɗauki kuben ya kwantar kusa da su ya gwada tsawo. Ya ɗaga ƙaramar ya shinshina, har yanzu da warin albasa a jikinta. Ya dubi Delu, ya dubi tsohon, sai ya kau da kai kamar wanda ya shiga ɗaki ya tarar ana wanka.

“Kwance shi,” ya ce wa na kusa da Ishaku.

Ya mayar da ƙarfen tanon cikin kube da kansa, ya durƙusa ya ɗora a cinyar Tsoho.

“Riƙe kayanka, Baba. Wanga ba makami ba ne.”

Suka fita. Aka ji motar ta tashi, ta yi nisa, ta ɓace.

Tsoho bai taɓa abin da ke cinyarsa ba. Ya miƙa hannu, tafi a sama.

“Ba ni guda.”

Delu ta ɗora masa ta tsakiya. Ya bi bayanta da babban yatsa, ya sami tsagar, ya bi ta a hankali har inda ta ƙare ba zato, yatsan ya faɗa iska. Ya koma ya sake bi. Leɓɓansa suna motsi, ba sauti.

“Wane maƙeri ya yarda ya yi wanga ba da bakina ba?”

“Ya ƙi, Baba. Ni na matsa mishi. Ni na yi zuga da hannuna.”

Ya gyaɗa kai. Ta jira ya zage ta, ta jira ya tsine mata, har ta matso da kanta kusa ko zai kai mata duka. Ta miƙa hannu don ta karɓi wuƙar kada ya yanke. Ya ji motsin hannun, ya kauce masa.

“Hadiza,” ya kira. Bai ce amaryata ba. “Zo ki amshi wuƙarku. Daga yau ke za ki riƙa kawo mini tuwo.”

Kafin wani ya ce wani abu, maƙwabta suka ɓarke ƙofa suka cika gidan. Barka, barka, Allah ya kiyaye gaba. Mata suka kewaye Hadiza, maza suka kama hannun Ishaku suna duba shatin ankwa, shi kuwa yana dariya hawaye na zuba yana ba su labarin abin da suka gani da idonsu. Wata tsohuwa ta ɗauki babbar wuƙar tana gwada kaifinta a farce, tana tambayar ko maƙerin zai yi mata irinta.

Delu ta tsince kuɓewar da ta watse ta mayar cikin ƙwarya. Ta janye itace ɗaya daga murhu don kada ruwan tuwo ya ƙone kafin a tuna da shi, ta ajiye muciya inda Hadiza za ta gani. Sannan ta yafa zanenta, ta bi ta bayan rumbu, ta sunkuya ta fita ta kafar darnin da awaki ke bi. Ba wanda ya waiwaya.